Ɗalibi Ya Karya Tayar Jirgi, Ina Malaminsa Yake?

Duk sanda ƙaramin jirgin koyon tuƙi ya dunguri ƙasa wajen sauka, magana ɗaya ake yi: kuskuren ɗalibi ne. A rubuta rahoto, inshora ta biya, yaro ya koma gida da kunya. Ni dai wannan hukunci bai gamsar da ni ba, kuma ina ganin ragwanci ne ke sa a tsaya a kansa.

Gaskiya ne a wajen sauka ƙananan jirage suka fi yin haɗari, kodayake ba kasafai ake rasa rai a irinsa ba. To amma mai karatu ya dubi yadda abin ke faruwa. Jirgi irin Cessna 172, wanda makarantun tuƙi suka fi amfani da shi, yana tunkarar titin sauka da gudun kusan kilomita 120 a sa'a. Ƙa'ida ita ce tayoyin baya biyu su fara taɓa ƙasa, sannan ta gaba ta sauko a hankali. Idan ɗalibi ya zo da gudu fiye da kima, jirgin sai ya ƙi zama, ya yi ta shawagi dab da ƙasa, titi kuwa yana ƙarewa a gaban idonsa. Tsoro ya sa ya danna hancin jirgin ƙasa. Tayar gaba ta bugi kwalta, jirgi ya yi tsalle, ya sake dannawa, tsalle na biyu ya fi na farko, a na uku ƙafar ta karye, farfela ta sari ƙasa. Daga nan sai an kwance injin an duba cikinsa.

Maganin wannan duka ba boyayye ba ne: tun a tsallen farko a ba jirgi wuta, a fasa saukar, a zagayo a sake gwadawa. Yaron da bai yi haka ba, ko dai ba a maimaita masa ba har hannunsa ya saba, ko an nuna masa a fuska cewa fasa sauka abin kunya ne. Wanne daga ciki ne laifinsa?

Sai kuma batun su waye malaman. A Amurka, inda 'ya'yanmu da dama ke zuwa koyo, tun 2013 doka ta ce sai matuƙi ya tara sa'o'i 1,500 kafin kamfanin jiragen fasinja ya ɗauke shi, bayan faɗuwar jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009. Hanya mafi sauƙi ta tara sa'o'in ita ce koyarwa. Saboda haka wanda bai daɗe da karɓar lasisinsa ba shi ke zama kusa da ɗalibi, idonsa na kan ranar da zai cika adadi ya tafi. Akwai haziƙai a cikinsu, ban musa ba. Amma ɗalibin da aka sauya wa malami sau uku, kowa da irin saukar da yake koyarwa, kan wa zai dogara?

Za a ce ai ranar da ɗalibi ya tashi shi kaɗai, babu kowa a jirgin sai shi. Haka ne. Amma ba ya tashi sai malami ya sa hannu cewa ya isa. Malamin ne ya ga iska na kaɗowa daga gefe, ya kuma san iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada saukar Cessna 172 a cikinta ba ta wuce kilomita 28 a sa'a ba, a hannun gwani ma ke nan. A nan yankinmu ga hazon hunturu mai ɓoye titi, ga zafin bazara mai sa jirgi ya ci titi da yawa kafin ya tsaya.

Uban da ya sayar da gona ya tura ɗansa, kowace sa'a a sama kuɗi ce, shi ya sa yaro ke gaggawar a sake shi. Makarantar da ta biye wa wannan gaggawa ita ya kamata a fara tuhuma. A rahoton haɗari ina so in ga sa'o'in malamin, da sau nawa ya sa ɗalibin ya fasa sauka kafin ya sa masa hannu.