Maruru da kafso: Yadda ƙaramin ciwon fata ke ƙara wa magani tsada

Da zarar bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, kasuwar masu kemis takan buɗe. Yaro ya fito da ƙuraje masu ruwa a gefen hanci, magidanci ya kasa zama a shago saboda maruru, sai a aika a sayo kafso na kwana biyu. Ba kasafai ake ganin likita ba, domin a idon jama'a ciwon fata bai kai na asibiti ba. Wannan raini yana cikin abubuwan da ke cinye ƙarfin magungunan da muke dogaro da su, a daidai lokacin da kuɗinsu ke gagarar mai albashi.

Mafi yawan cututtukan fata da bakteriya ke haddasawa aikin ƙwayoyi biyu ne, Staphylococcus aureus da Streptococcus pyogenes. Ta farkon tana zaune a hanci ko fatar kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta cutar da shi ba, sai ta samu ƙofa: cizon sauro da aka sosa, ƙurajen zafi, yankan aska, ko ƙazuwa. Idan ta tsaya a saman fata, sai a ga ƙurajen nan na yara masu fashewa su bar ɓawo mai launin zuma. Idan ta bi gindin gashi, maruru ke nan. Idan kuwa cutar ta kutsa ƙarƙashin fata, ƙafa ko hannu ya kumbura, ya yi zafi da raɗaɗi, wani lokaci da zazzaɓi da kaluluwa.

Kowanne da maganinsa, kuma a nan ake yin kuskure. Ƙurajen yara, idan ba su bazu ba, wankewa da sabulu da shafa man mupirocin ko fusidic acid na kamar kwana biyar yakan wadatar. Ƙaramin maruru yakan nuna ya fashe da kansa idan ana gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. Babba kuwa sai ma'aikacin lafiya ya tsaga ya fitar da mugunya, domin magani ba ya ratsa mugunyar da ta taru yadda ya kamata. Wanda ya yi ta haɗiyar kafso bai bari an tsaga ba, ya yi asarar kuɗi kawai. Kumburin da ya shiga ƙarƙashin fata shi ne ke buƙatar maganin sha irin su flucloxacillin ko cefalexin na kwana biyar zuwa bakwai, idan ya tsananta a kwantar da mutum a yi masa allura.

To me ake sayowa a kemis? Galibi Ampiclox, haɗin ampicillin da cloxacillin. A kafso mai miligiram 500, rabi ne kacal cloxacillin, ita ce kuma ke iya wa Staphylococcus, don yawancin ƙwayoyin sun daɗe da daina jin ampicillin. Ke nan mai maruru rabin magani yake sha tun daga farko, ga shi kuma yakan tsaya a kwana na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan haɗin cikin waɗanda ba ta ba da shawarar amfani da su ba. Wasu ma fasa kafson suke yi su zazzaga garin a kan ciwo. Lasisin mai ƙaramin kemis bai ba shi damar sayar da irin wannan magani ba, amma wa ke tambaya?

Sai kuma man shafawa mai haɗi uku da ake sayarwa ga kowane irin ƙaiƙayi, da mayukan bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadarin steroid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, mutum ya ɗauka ya warke, alhali yana raunana garkuwar fata yana sa ta yi siriri. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Haka nan makero da ƙyasbi ba bakteriya ke kawo su ba, ƙazuwa ma wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne. Ko an sha kwali guda na kafso ba za su gusa ba.

Illar ba ta tsaya kan mai ciwo ba. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya sanadiyyar ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Nau'in Staphylococcus mai taurin kai da ake kira MRSA shi kaɗai ya yi ajalin fiye da mutum dubu 100. Ƙwayar da ke kawo maruru ita ce dai ke shiga jini, ta ruɓar da ɗinkin tiyata, ta kama cibiyar jariri. Ran da maganin arha ya daina yi mata aiki, sai mai tsada, kuma duk wanda ya sayi Augmentin bayan kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga Najeriya a watan Agustan 2023 ya san ma'anar tsada.

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba. A 2024 an tilasta wa dillalan magani na Sabon Garin Kano komawa cibiyar Dangwauro, a farkon 2025 kuma NAFDAC ta rufe kasuwannin magani a Legas da Onitsha da Aba. Najeriya ce ma aka bai wa karɓar baƙuncin taron ministocin duniya na 2026 kan wannan matsala. Sai dai, a ganina, duk wannan gyaran sari ne. Abin da ke kai ɗan kasuwa kemis lissafi ne mai sauƙi: kuɗin kati, layin da zai cinye masa yinin ciniki, ga kuma asibitin unguwa da ƙila ba shi da safar hannu ko aska mai tsabta da za a tsaga maruru. Muddin hakan bai sauya ba, hana kemis sayar da kafso zai tura mutane wurin mai talla a tasha ne kawai, inda maganin ke yini a rana.

Akwai dai alamun da bai kamata a tsaya lissafin kati a kansu ba: zazzaɓi tare da kumburi, kumburin da ke faɗaɗa cikin sa'o'i, maruru a kan hanci ko leɓen sama, wanda matse shi kan iya tura cutar zuwa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, da kowane ciwon fata a jikin jariri. Yaron da fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya koma launin shayi makonni kaɗan bayan ƙuraje, a duba ƙodarsa. Babban da maruru ke yawan dawo masa, ko ciwon ƙafarsa ya ƙi warkewa, ya fara da gwajin suga kafin ya sake aikawa kemis.