Rumbu Biyu Ya Fi Rumbu Ɗaya: Shawara Kan Ma'ajiyar Kwamfuta

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dandume ya san cewa aikin manomi ba ya ƙarewa a ranar girbi. Masarar da aka sha wahalar nomawa tana iya salwanta a cikin rumbu, idan gara ko ɓera ko gobara suka riga mai ita. Wannan darasi ya shafi malami ko ɗalibin da ya samu kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya, yake kuma son ta yi aikin kwamfutoci da yawa.

Hakan mai yiwuwa ne a yau. Akwai manhajoji irin su Proxmox, wadda aka fara fitarwa a ƙasar Austriya a shekarar 2008, da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama gida mai ɗakuna. A ɗaki guda sai a ajiye sakamakon ɗalibai, a wani a sa tambayoyin gwaji na jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a wani kuma a zuba littattafan karatu. Kowane ɗaki yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Sai dai dukkansu daga ma'ajiya ɗaya suke ɗiba, a cikinta kuma suke zubawa. Idan ta lalace, duk sun tafi tare.

Ma'ajiyar da aka saba da ita faifai ne mai juyawa, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956. Na zamanin nan yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma dole hannun karatu ya yi ta kai da komo kafin ya samo abin da ake nema. Idan ɗakuna biyar suka nemi bayani lokaci guda, sai layi ya yi tsawo. Ita kuwa ma'ajiyar SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Tana riƙe bayani ne a ƙananan gurabe na lantarki, bisa fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Don haka ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ta cin wuta sosai, abin da zai faranta ran mai dogaro da sola.

To, a nan ne ake yin kuskure. Wanda ya sayi SSD biyu, kowace mai terabait 1, yana da zaɓi biyu wajen haɗa su su zama rumbu ɗaya. Na farko shi ne a riƙa raba kowane bayani tsakaninsu, sai a samu terabait 2 da ƙarin sauri. Amma ranar da ɗaya ta mutu, abin da ke cikin ɗayar ma ya zama banza, domin rabin kowane abu ne kawai. Na biyu shi ne tsarin madubi, inda ake rubuta komai sau biyu, a samu terabait 1 kacal, amma idan ɗaya ta mutu aiki ya ci gaba. Masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka tsara waɗannan hanyoyi aji-aji a 1988, a ƙarƙashin sunan RAID.

Ra'ayin da ya fi dacewa da makaranta ko gida shi ne a zaɓi madubi. Mai ƙorafi zai ce an yi asarar rabin kuɗi, kuma a wurin da kowace naira ke da aikinta, wannan magana ce mai nauyi. Amma SSD ɗaya ma saurinta ya ishi aji guda, kuma littattafai da sakamakon jarrabawa ba sa cika terabait da wuri. Abin da ba a iya saye a kasuwa shi ne sakamakon zango uku da ya ɓace ana gab da rarraba shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, guraben SSD suna gajiya da yawan rubutu, kuma tagwayen da aka saya rana ɗaya, suke aiki iri ɗaya, suna iya gajiya kusan lokaci guda. Gara a haɗa na kamfanoni daban-daban. Na biyu, ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu kan lalata bayani, don haka batir mai riƙe wuta na 'yan mintoci wajibi ne, tare da wuri mai iska saboda zafin Maris da Afrilu. Na uku, a yi amfani da tsari irin ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, domin yana sa wa kowane bayani lambar tantancewa, kuma idan kwafi ɗaya ya ɓaci sai ya gyara shi daga ɗan'uwansa.

Duk da haka, madubi bai ƙare magana ba. Abin da aka goge bisa kuskure yakan goge a ɓangarorin biyu nan take, haka nan ɓarawo da tsawa ba sa bar wa mai kaya ɗaya. Saboda haka a tanadi faifai na uku, ko da tsohon mai juyawa ne, a kwafe komai a ƙarshen kowane mako, a kai shi wani gida daban. Sa'an nan a riƙa gwada shi lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗewa, kamar yadda manomi kan leƙa rumbunsa tun kafin ranar kasuwa.