Karatun zayyanar tufafi: Ina ɗalibinmu zai dosa bayan an rufe masaƙu?

A ƙarshen daminar da ta wuce na je gida Mabai, a ƙasar Ƙanƙara, na tarar da wata muhawara ta raba gidanmu biyu. 'Yar yayana ce ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a fannin zayyanar tufafi, shi kuma mahaifinta ya kafe a kan ba zai sayar da buhunan masararsa ba domin a je jami'a a koyi rini. Da muka keɓe bayan sallar isha'i sai ya ce da ni: "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Masaƙun Kaduna sun mutu, audugar ma mun daina shukawa. In ta gama, wa zai ɗauke ta aiki?" Na ce masa: "Yaya, ba ni lokaci in yi tunani." Wannan rubutu shi ne amsar da na kasa ba shi a wannan dare, kuma na ga ya dace in kawo ta wannan fili, domin tambayar ba ta gidanmu kaɗai ba ce.

Da farko dai, dole a yarda cewa tsoron Yaya yana da tushe. Duk wanda ya girma a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har zuwa Bakori da Malumfashi da Funtuwa, ya san cewa auduga ce ta gina gidajen kwano na farko a ƙauyukanmu. Da kuɗinta ake aure, da shi ake sayen keke da rediyo, da shi ake biyan haraji. In kaka ta yi, fulotin auduga ya fi kasuwa cika, motoci na jigila zuwa injinan gurza na Funtuwa, daga nan jirgin ƙasa ya kwashe. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Kakuri a Kaduna, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 da ƙoƙarin Sardauna, sannan UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya a shekarun 1960. Zuwa shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu fiye da ɗari, kuma in aka cire gwamnati, da wuya a sami wani fanni da ya kai su ɗaukar ma'aikata.

Yadda abin ya rushe ma ba ɓoyayye ba ne. A 1986 aka rusa hukumar cinikin auduga a ƙarƙashin shirin SAP, sai manomi ya rasa mai ba shi ingantaccen iri da mai tsayar masa da farashi. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da tufafi, kayan Asiya suka kwararo ta tashoshin ruwa da kuma ta kan iyaka a ɓoye, alhali masaƙunmu na fama da rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da tsofaffin injuna. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. An ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da fannin, har UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da tufafi canjin kuɗin waje a 2019, ya kuma ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina a wannan shekara. A watan Oktoban 2023 aka janye wannan hani. Ga kuma bala'in da ya fi kowanne ci mana tuwo a ƙwarya: shekarun da 'yan bindiga suka hana mutanenmu zuwa gonakin da ke nesa da gari. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 shi ne duniya ta ji, amma gonakin da aka bari suka zama saura babu wanda ya ƙidaya su.

To, idan haka ne, me ya sa nake ganin ya kamata yarinyar ta tafi Zariya? Dalilina guda ne, kuma ina roƙon mai karatu ya auna shi da kyau. Masaƙu ne suka mutu, amma sa tufafi bai mutu ba. Mutum ya shiga Kantin Kwari a Kano ana saura mako biyu sallah, ya ga ko akwai masakar tsinke. Babu lefen da ake haɗawa ba tare da atamfa da leshi da shadda ba, babu bikin da ake yi ba tare da anko ba. Kowane turmi da ke cikin waɗannan shaguna, akwai wanda ya zauna ya zana furen da ke jikinsa, ya zaɓi launukansa, aka kuma biya shi. Aikin yana nan daram. Abin da ya faru kawai shi ne ya ƙaura ya bar mu.

A duba a gani. Atamfar Holan da matanmu ke alfahari da ita, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, alhali ko ƙwaya ɗaya ta auduga ba a nomawa a Holan. Shaddar Getzner da manyanmu ke yin babbar riga da ita, daga Ostiriya take zuwa, ƙasar da ita ma ba ta san gonar auduga ba. Abin da waɗannan kamfanoni ke sayar mana shi ne zayyana da inganci da suna. Haka kuma sanannen abu ne cewa 'yan kasuwarmu kan ɗauki samfuri su kai ƙasar Sin a buga musu dubban turame, wani lokaci ma samfurin kwaikwayon na wani ne. Wato ɗan kasuwar Kano ne ya san abin da amaryar Funtuwa ke so, amma wanda zai mayar da wannan sani ya zama zane yana can wata nahiya. Tsakanin buhun auduga da turmin atamfa, mafi tsokar riba tana wurin mai zayyana da mai suna, mafi ƙanƙantarta kuma tana wurin manomi. Mu kuwa mun yarda mu tsaya a inda ribar ta fi ƙanƙanta, yanzu ma wurin yana neman kuɓuce mana. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba kuma baƙon abu ba ne a gare mu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin Kano ana kai su har Tambutu da ƙasar Azbin da Barno, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. Abin da Buzaye ke nema a wancan zamani shi ne baƙin Kura mai ƙyalli, wanda sai marinanmu da mabuganmu suka san sirrinsa. Turkuɗi da saƙi da gwado da luru, da aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, duk zayyana ce, kuma kakanninmu ne suka ƙirƙiro ta ba tare da takardar digiri ba. Kakar wannan yarinya da kanta, mahaifiyarmu, da mazari da alli ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Saboda haka ba sabuwar sana'a za ta koyo ba. Tsohuwar sana'ar gidansu ce za ta koyo da kayan aikin zamani.

Sai dai a nan ne zan juya ga ɗalibai da malamansu, domin goyon bayan da nake bayarwa yana da sharaɗi. An tsara wannan karatu ne a zamanin da Kakuri ke raye, lokacin da ɗalibi zai gama ya wuce ɗakin zane na wata masaƙa, a ba shi tebur da albashi. Wannan ƙofa ta ƙuntata ƙwarai. Masaƙar Funtuwa na daga cikin 'yan ƙalilan da suka jure bayan takwarorinta sun durƙushe, amma masaƙa ɗaya ko biyu ba za su ɗauke duk masu kammala karatu ba. Duk ɗalibin da ya shiga wannan fanni yana jiran takardar ɗaukar aiki, to ya shirya zaman jiran gawon shanu. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Ga abin da na gaya wa 'yar tawa da ta zo gaishe ni da safe ta ce: "Baffa, ni zane nake so, tun ina firamare." Na ce mata iya zane shi ne kashi ɗaya cikin huɗu. Na biyu shi ne sanin yadda zane ke zama tufa. Furen da aka zana a takarda ba ya zama atamfa sai an tsara shi yadda zai riƙa maimaituwa a tsawon yadi ba tare da an ga mahaɗa ba, sai an rarraba launukansa kowanne da allon bugunsa, kuma kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Dole ta san wane rini ke kama auduga, wane ke kama zaren roba, da abin da ke sa wani yadi ya zuba a wankin farko wani kuma ya shekara bai koɗe ba. A Zariya akwai wani sashe daban da ke koyar da kimiyya da injiniyancin zare; mai zayyanar da ba ta abota da mutanen wannan sashe, zanenta a bango zai ƙare. Na uku shi ne kwamfuta, domin a yau da ita ake tsara zane, da ita ake sarrafa injin surfani da injin buga yadi, kuma ta intanet mai zayyana a Funtuwa za ta iya aika aikinta Legas ko Dubai a karɓa a biya ta. Na huɗu, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne lissafi da kasuwa: nawa yadi ya ci, nawa za a sayar, wa zai saya, kuma yaya za a yi rajistar zane kada wani ya kwashe shi a banza.

Haka kuma watannin koyon aiki na shirin SIWES, wanda asusun ITF ke kula da shi, bai kamata su zama na zaman ofis da cike littafi ba. In an sami masaƙa mai aiki, madalla. In ba a samu ba, marinar Ƙofar Mata makaranta ce, masu surfanin hannu na birnin Zazzau makaranta ne, shagon babban dila a Kantin Kwari ma makaranta ce, domin a nan ne za ta ga launin da ke ƙarewa a mako guda da wanda ke kwantai. Ta kuma riƙa tara ayyukanta wuri guda tun daga aji ɗaya, saboda a wannan sana'a ba a tambayar mutum matakin digirinsa kafin a ce ya nuna abin da hannunsa ya yi.

Na san akwai masu cewa wannan duk daɗin baki ne, tunda babu wuta, babu jari, kuma babu yadda ƙaramin mai rini zai yi gogayya da farashin kayan Sin. Gaskiya ne ba zai iya ba, in dai a kan araha za a yi gasar. Amma ba kowace kasuwa ce ta araha ba. Ankon biki ɗaya, kayan makaranta ɗaya, labulen otal ɗaya, hula da babbar riga ta wanda ke son abin da babu irinsa a jikin kowa, duk ayyuka ne ƙanana da babbar masaƙar waje ba ta damu da su ba, kuma sun isa su riƙe mutum da ma'aikata biyar ko goma. 'Yan uwanmu na Abekuta sun riƙe rininsu na adire har ya zama abin ado a manyan birane, ko da yake su ma suna kuka da na kwaikwayo. Me ya hana turkuɗi da saƙi samun irin wannan gata?

Ita kuma gwamnati, ba sabon alkawari muke nema ba. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya wajabta wa hukumomin tarayya fifita kayan gida wajen saye, har da kayan sarki. A aiwatar da shi kawai. Gwamnatin Jihar Katsina ma tana iya yin nata: kayan 'yan makaranta da zannuwan gadon asibitoci na jihar nan kaɗai, in aka ce a jihar za a saƙa su, a rina, a ɗinka, sun isa su ba masaƙa aiki, su ba manomin Faskari dalilin komawa ga auduga, su kuma ba masu zayyana abin yi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe da fitar da irin auduga na SAMCOT, an kuma buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024. Abin tambaya shi ne, wannan tasha za ta zama ƙofar fitar da tufafinmu ne, ko kuwa sabuwar ƙofar shigo da na wasu? Kuma duk wannan ba zai yiwu ba sai manomi ya iya kwana a gida ya wayi gari a gona ba tare da fargaba ba.

Daga ƙarshe Yaya ya sayar da masarar, ba don na gamsar da shi gaba ɗaya ba, sai don mahaifiyarmu ta sa baki. Ban yi masa alkawarin cewa 'yarsa za ta sami aikin albashi ba, domin ba ni da wannan tabbaci, kuma duk wanda ya ba shi ya yaudare shi. Abin da na iya gaya masa shi ne, muddin ana haihuwa ana aure ana sallah a ƙasar Hausa, za a sayi tufafi, kuma wani zai ci kuɗin zana su. Ya rage namu mu zaɓa ko 'ya'yanmu ne, ko na wasu. Allah Ya ba ta sa'a, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.