Kada Mu Kori Yaranmu Daga Darar Turawa

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana iyaye, musamman manoma da 'yan tireda irina, a kan wani wasa da yaranmu suka fara ɗauka, wato darar Turawa wadda ake kira ces.

Ni manomi ne a nan Kakau, bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, da rani kuma ina tsare ɗan teburina na sabulu da sukari da ashana. Karatuna bai wuce firamare ba. Bara wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar su ɗana ya koya wa yara wannan wasa. Ran nan na dawo daga gona na tarar da yaron a zaure shi da abokinsa, sun zana gidaje a bayan kwali sun jera marafan kwalba, ga awaki ko ruwa ba a ba su ba. Ban tsaya tambaya ba. Na ce caca ce, na yaga kwalin, na watsar da marafan, na haɗa masa da mari. Yau na gane ban kyauta ba, kuma ba na so wani uba ya maimaita kuskurena.

Bayan kwana biyu sai ga malamin nasu ya zo har teburina. Muka gaisa, ya ce, "Baba, ka iya dara?" Na ce, "Haba Malam, ai tun ba a haife ka ba nake cin mutane a gindin mangwaro." Ya yi dariya ya ce, "To, abin da ka yaga ɗan'uwanta ne." Ya nuna mini cewa tamu gurbi 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, ita kuwa waccan gida 64 ce, kowa da 'ya'ya 16, akwai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji, kowanne da irin tafiyarsa. Ba a jefa ƙwaya kamar lido, ba a raba kati, babu maganar sa'a. Wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. Ya ce ma ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin a Borno an daɗe da sanin wani irinsa da ake kira tsatsarandi.

Daga nan ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani yaro ɗan ƙasar Uzbekistan mai suna Nodirbek Abdusattorov. A watan Disamba na 2021, yana da shekara 17, ya bar ƙasarsu ya tafi birnin Warso na ƙasar Poland gasar duniya ta ces mai sauri. A irin wannan gasa ana ajiye agogo tsakanin mutum biyu. Kowa ana ba shi minti 15 na wasan gaba ɗaya, in ya taka ɗa guda a ƙara masa daƙiƙa 10. Lokacinka ya ƙare, an cinye ka ke nan, ko da kai ne a sama. Wasa 13 suka yi cikin kwana uku. Yaron nan ya zauna gaban Magnus Carlsen na ƙasar Norway, wanda shi ne zakaran duniya a lokacin, ya kuma cinye shi. A ƙarshe shi ya ɗauki kambun. Da shekara ta zagayo, a 2022, shi da 'yan'uwansa matasa suka ciyo wa ƙasarsu babbar gasar ƙasashe a birnin Chennai na Indiya.

Na ce to wannan ai ɗan wata ƙasa ne. Sai ya kawo mini namu na gida. Tanitoluwa Adewumi iyayensa sun bar Nijeriya da shi a 2017 saboda barazanar Boko Haram, suka sauka a gidan marasa galihu a birnin New York na Amurka. A can ya koyi wasan a makaranta. A watan Maris na 2019, yana ɗan shekara 8, ya zo na ɗaya a gasar yara sa'o'insa ta jihar New York, alhali kimanin shekara guda ke nan da fara wasan. Jama'a, ƙwaƙwalwar nan fa daga nan ya tafi da ita. Abin da ya samu a can shi ne allo da malami da wanda zai ce masa ci gaba. Ni kuwa nawa mari ya samu.

Da kaka ta yi, malamin ya ce akwai wata 'yar gasa mai sauri ta yaran makaranta a cikin garin Kaduna. Na auna masara mudu goma na sayar, na biya kuɗin mota da na rajista, muka ƙetare gada tare. Wallahi na ga abin tausayi. Yaron bai taɓa ganin agogon nan ido da ido ba. Wasa na farko da na biyu duk shi ne a sama, amma ya zauna yana dogon tunani irin na zaure, wani lokaci ma ya taka ya manta bai danna agogo ba, har lokacinsa ya ƙare. Ya fito idonsa ya yi ja. Na ce masa, "Kai, in mai saye ya tsaya a teburina, sai in ce ya jira in yi lissafi har la'asar? Yi lissafinka tun yana ciro kuɗi." Ya koma yana tunani tun abokin wasansa na nasa tunanin. Cikin biyar da suka rage ya ci uku. A mota ya ce mini, "Baba, ba su fi ni kai ba, agogo suka fi ni sani." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Na san wani zai ce wasa ba ya kai buhu gida. Gaskiya ne, kuma ban ce a sakar wa yaro ba. A gidana doka uku ce: ba a zama kan allo lokacin salla, ba a zama sai an gama aikin gona da na makaranta, kuma ranar da na ga an ajiye ko naira ɗaya a gefen allo, ranar wasan ya mutu. Amma yaron da ke zaune a zaure yana koyon haƙuri da hangen abin da zai biyo baya, ya fi mini wanda ke yawo bakin titi ban san da wa yake ba. Har a teburina na ga canji, yanzu ba ya ruɗewa wajen ba da canji ko da mutum biyar sun taru.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimi na Ƙaramar Hukumar Chikun da na Jihar Kaduna, da masu hannu da shuni, da su sai wa makarantun ƙauye allon ces da agogonsa. Kuɗinsu bai kai na gina aji ba, ba sa shan mai, ba sa jiran wuta. A Legas, Tunde Onakoya ya fara tara yaran unguwannin talakawa yana koya musu tun 2018, mu me ya hana mu? Ɗan bautar ƙasar nan ya gama shekararsa ya tafi, yaran sun koma kan kwali. Idan ba a tallafa ba, iri ne aka shuka aka bar wa ciyawa.

Ku kuma 'yan'uwana iyaye, in kun ga yaro da marafan kwalba, ku tambaya kafin ku ɗaga hannu. Allah ya shirya mana zuriya, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Kakau, Ƙaramar Hukumar Chikun,
Jihar Kaduna.