A Gwada Jinin Yaro Kafin A Ɗora Shi Kan Maganin Amosanin Gaɓɓai

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka amosanin gaɓɓai ciwon tsofaffi ne, alhali akwai nau'insa da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 16. Garkuwar jikin yaron ce ke juyowa ta far wa gaɓɓansa, su kumbura su sage. Don haka likitoci kan ba da magungunan da ke dakushe kaifin garkuwar, irin su firedinisolon da metotireksat. Suna aiki ƙwarai, amma akwai wani hanzari ba gudu ba.

Wasu ƙwayoyin cuta, waɗanda masana ke kira bairos, ba sa barin jiki. Laɓewa suke yi, garkuwa na tsaronsu. Ƙwayar ƙarambau takan kwanta cikin jijiyoyi shekara da shekaru. Da zarar tsaro ya yi rauni sai ta farfaɗo, ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari ɗaya na jiki. Wadda ta fi ta haɗari ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B, domin farfaɗowarta na iya lalata hanta har a rasa rai.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar. Jaririn da ya ɗauke ta wajen haihuwa kuwa, sau tara cikin goma takan zauna masa, ba tare da wata alama ba. Tun 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran yara, sai dai wanda aka haifa a gida a ƙauyukan Gaya ko Ajingi yana iya rasa allurar farko, wadda ake so a yi cikin awa 24.

Ra'ayinmu shi ne kada a ɗora yaro kan waɗannan magunguna sai an gwada jininsa. Wani zai ce gwaji kuɗi ne, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ɗawainiya ce. Gaskiya ne, amma jinyar hanta ta fi tsada, kuma idan an gano ƙwayar da wuri akwai maganin da ke danne ta. Sayen ƙwayoyi a kemis ba da umarnin likita ba, garin neman gira ne a rasa ido. Haka nan yanke shan su farat ɗaya haɗari ne.

Malamai, idan ƙarambau ya ɓulla a aji, ku gaggauta sanar da iyayen ɗalibin da ke shan irin wannan magani, su kai shi asibiti. Ɗalibai kuma ku isar da wannan bayani gida.