KIFI NA BAƘI, SHINKAFA TA KASUWA: WA YA CI AMANAR YARAN KABI?

Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya tona wani asiri da ya isa ya hana duk mai imani barci. A cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kebbi, 66 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda yunwa da cuta. A lokacin babu jihar da ta kamo ta a duk Nijeriya. A Anambra 14 ne kacal.

Wannan fa Kebbi ce, ba hamada ba! Ƙasar fadamar Rima, inda a Nuwamban 2015 shugaban ƙasa ya zo Birnin Kebbi da kansa ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa. Ƙasar Argungu, inda tun 1934 ake tara duniya a Matan Fada kallon masunta da homa da gora suna fito da giwan ruwa, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gādon duniya a 2016. Baƙi su ci kifi, manyan motoci su kwashe shinkafa, ɗan manomin da ya noma ta ya wayi gari da ruwan koko. Mahukunta da suka iya kashe dukiyar al'umma wajen biki alhali asibitin ƙauye ba magani, suna da tsayuwa mai tsawo gaban Allah, kuma ba za a daina faɗa masu ba.

To amma akwai tambayar da 'yan uwa ba su son ji. Azzalumi ne ya shiga gida ya raba tuwo? Shi ne ya ce tsokar kifi ta maigida ce, yaro kuwa sai romo? Shi ne ya koya wa mutane camfin cewa yaron da aka ba ƙwai zai tashi ɓarawo? Magidanci ya tsaya wurin mai tsire bayan isha'i ya cika cikinsa, ya goge baki ya shiga gida, matarsa mai goyo ta kwana da gayan tuwo, sannan da safe ya zauna a majalisa yana zagin gwamnati. Likitoci sun tabbatar cewa daga shigar ciki zuwa shekara 2, kimanin kwana 1,000, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, abin da aka rasa a lokacin kuwa da wuya a mayar da shi duka. Shekaru biyun nan su ne Suratul Baƙara ta ambata na shayarwa, kuma a ayar ce aka ɗora ci da tufatar mai shayarwa a wuyan uba.

Kuma ba a ciki kaɗai yunwar take ba. Akwai yunwar magana. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, an ɗauki yara tsumburarru 'ya'yan talakawa, aka riƙa tura ma'aikatan lafiya gidajen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara 2. Aikinsu shi ne koya wa uwa ta yi wa ɗanta magana, ta yi wasa da shi da tarkacen gida, ta faɗa masa sunan abin da ya nuna, ta yaba masa. Bayan shekara 20 aka bibiye su, sai ga waɗanda aka yi wa haka suna samun abin da ya fi na 'yan uwansu da kashi 25 cikin 100. Wani bincike a Amurka a 2018 ya ƙara nuna cewa abin da ya fi motsa sashen harshe a ƙwaƙwalwar yaro shi ne musayar zance, ya faɗa a amsa masa, a tambaye shi ya amsa. Surutun rediyo a kansa ba ya maye gurbin wannan.

A nan ne al'ada ta yi wa jama'a mugun ɗauri da sunan kunya. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, in ya tunkaro shi da rarrafe a gaban mutane sai ya kawar da kai. Yaro ya yi tambaya a ce ya cika surutu, ya sake a kai masa ranƙwashi. A wane littafi aka samo wannan? Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya tsaya ya tambayi ƙanen Anas, yaro ƙarami, labarin ɗan tsuntsunsa. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, da Aƙra'u ya yi tinƙaho da cewa 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka nuna masa cewa abin da ya ɗauka mazantaka rashin jinƙai ne. Ashe wasu magidantan sunnar Aƙra'u suke rayawa, suna kiranta kawaici. Allah Ya sawwaƙe.

Mutanen wannan kwari ba su da uzurin rashin abin koyi, domin ga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kwance a Gwandu. A littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa, mahaifinsa ya fara ambata, a wurinsa ya yi karatun Alƙur'ani, sannan yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga yayansa Shehu Usmanu. Mai Diya'ut Ta'wili a gida aka fara ƙera shi. Shehu kuma a Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, daga gidansa ne Nana Asma'u ta fito. Wanda ya hana matarsa ilimi ya rufe makarantar farko ta ɗansa da hannunsa.

Sai a kwatanta da uban da ke ɗora ɗan shekara 5 a bayan mota da roba da allo, ya tura shi garin da shi kansa bai taɓa zuwa ba. Karatun allo abin alfahari ne, jefar da yaro kuwa ba karatu ba ne. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci suna mayar wa juna kamar kayan da aka ƙi saye. Gwamnonin sun yi abin kunya. Amma kowane yaro a cikin motocin nan akwai wanda ya yanka masa ragon suna.

'Yan uwa matasa kada su ɗauka da wasu ake. Akwai ɗan uwan da ba ya fashin ta'alimi, ba a taro babu shi, yana da bakin kare Falasɗinu daga la'asar zuwa magariba, amma ya yi mako bai zauna da ɗansa na tsawon shan shayi ba. In yaron ya yi kuka sai a danƙa masa waya ya yi shiru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba. Wanda bai yi aure ba ma yana da ƙanne, kuma Shehu wa ne ga Abdullahi kafin ya zama jagoransa.

Yau Juma'a. Da yawa za su koma gida da wannan jarida a aljihu, wani yaro zai rugo zaure ya kama gefen riga yana tambayar mene ne wannan. Za a durƙusa a nuna masa baƙaƙen, ko za a ce ya tafi wurin uwarsa?