Matasan Kongolam: Jarka Ba Sana'a Ba Ce!

Ya ku 'yan'uwa, lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya komai ɗacinta. A Kongolam da Mai'adua, saurayin da ya tasa yana ganin hanyoyi uku a gabansa: ko ya rungumi takarda yana jiran aikin gwamnati, ko ya ɗaura jarkoki da buhunan shinkafa a babur ya bi ta daji, ko ya durƙusa gaban maigida ya koyi sana'a. Da yawa sun zaɓi ta biyu, wai ita ce mai kawo kuɗi da wuri.

To, mu duba abin da ya faru. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, a Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, ribar jarka ta zube. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin wannan shekara aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. Abincin da alƙalamin wani a Abuja ke iya kashewa a dare ɗaya, ina shi ina sunan sana'a?

Ba mu ce fatauci da Damagaram laifi ba ne. Kakanninmu sun yi shi tun kafin Bature ya ja layinsa, kuma Manzon Allah (SAW) kansa ya yi kiwo, ya yi fatauci. Abin da muke ƙi shi ne neman da aka gina kan cin hanci a kowane shinge, da ƙarya, da sayar da rai. Mai kaya yana kwance a gidansa, ɗan talaka ke gudun tsira cikin duhu. In an kama shi, wa ke zuwa belinsa?

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Mu iyaye muke raina maƙeri da magini, mu ba mai sabon babur 'yarmu ba tare da tambayar inda ya samo ba. Masu hali kuma sun gwammace rabon kuɗin siyasa da ɗaukar almajirin sana'a.

Ya kai matashi, auna kowace hanya da tambaya uku: halal ce? Za ta rayu ko an rufe iyaka? Za ka iya koya wa ɗanka ita ba kunya? Walda, kanikanci, haɗa sola, kiwo don kasuwar Mai'adua, noman rani a Sabke, duk sun ci wannan jarrabawa. Mai takarda ma ya haɗa da aikin hannu. Ga kwalejin fasaha ta tarayya nan a Daura. Shekara uku ta koyo tana da wuya, amma abin da hannu ya iya, kwastan ba ya ƙwace shi.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mana zuriya. Amin.